Liesbet da Mai Ɗaga Gada

"Au, bai faɗa miki ba? Ai Jorrit birnin Rotterdam zai koma."

Wuƙar da ke hannun Liesbet ta tsaya cak a kan kifin da take gyarawa a rumfar babanta. Jorrit saurayinta ne, mai ɗaga gadar garin.

Mai maganar, Annemiek, maƙwabciyar Jorrit, wadda ta daɗe tana sonsa a ɓoye, ta kama wutsiyar ɗanyen kifinta ta dangwala a albasa, ta ɗaga kai ta zura a baki.

"Yayana ne ya nemo masa aikin, a tashar jiragen ruwa. Ni ma fa can zan koma bana... Kai, kifin nan akwai maiƙo!"

Ta hau kekenta ta wuce.

Ranar ce sabon kifin Yuni ya iso kasuwar garin Zwolle, ga rana ta fito bayan sati guda ana yayyafi. Gari ya fito kaf. Gidajen shayi sun baza kujeru a waje, tsofaffi sun miƙa fuskokinsu sama, idanu a lumshe.

Baban Liesbet, Gerrit, ya ci gaba da yanka albasa.

"Dama na faɗa miki. Mutumin da ya saba zama a ɗakin gilashi yana kallon jirage suna wucewa, wata rana sai ya bi su."

"Baba, don Allah..."

"Ni dai ban ce komai ba."

Ta daure har layi ya ragu, sannan ta kwance tsumman da ke ƙugunta ta jawo keke. Kafin ta kai bakin ruwa hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Ko tsayawa ba ta yi ba.

Ta tarar gada a ɗage, ƙananan jirage na wucewa a jere, masu kekuna sun yi cincirindo suna mita. Jorrit ya hango ta ta gilashi. Yana sauke gadar ya buɗe mata ƙofa, ya miƙo tawul.

"Liesje! Kin jiƙe sharkaf, ina rigar ruwanki?"

"Rotterdam," ta ce kawai.

Ya ajiye tawul ɗin.

"Annemiek ce, ko?"

"Ƙarya ta yi?"

"Ba ƙarya ba ne, sun kira ni. Amma ban ba su amsa ba."

"Kuma sai a bakin wata zan ji? A gaban Baba?"

Ya jawo mata kujerarsa, shi ya durƙusa a gabanta.

"Masoyiyata, aikin nan tun ina yaro nake mafarkinsa. Sau nawa na zo rumfarku da niyyar in ce ki biyo ni... sai in ga babanki yana dafe baya, ke kina ɗaga masa akwatin ƙanƙara. Sai bakina ya mutu."

"Ka san ba zan bar shi ba. Tun rasuwar Mama ni kaɗai gare shi."

"To shi ke nan, gobe zan ce musu a'a."

"Kada ka soma!" ta ce, hawaye na zubo mata. "In ka zauna saboda ni, wata rana za ka dube ni ka ga abin da ka rasa. Ka tafi, Jorrit."

Wani jirgi ya busa ƙaho yana neman hanya. Dole ya miƙe ya koma bakin aiki. Kafin ya waiwayo ta fice.

Da yamma gari ya washe. Ta iske Baba a ɗan lambunsa na bayan layin dogo, yana kafa wa wake sanduna. Ya dubi idanunta, ya ajiye igiya.

"Ya ce ki biyo shi?"

"Bai ma iya faɗa ba, har cewa ya yi zai ƙi aikin. Saboda kai."

"Saboda ni?"

Gerrit ya zauna a kan bokiti.

"'Yar Baba, ni fa na gaji da kifi. Bayana ya gaji, hannuwana sun gaji. Ɗan baffanki Wessel tun bara yake roƙon in bar masa rumfar, na ƙi, don ina zaton ke kike sonta."

"Ni kuma don kai nake tsaye a ciki!"

Suka dubi juna. Dariya ta ƙwace wa tsohon, har da tari.

"Yaron nan ban so shi ba, don na san shi zai ɗauke ki. Amma wanda ya yarda ya bar burinsa saboda ciwon bayana... kira shi ya zo. Ki ce ya taho da hannuwansa, akwai ciyawa."

Jorrit ya iso yana haki, rigar aiki a jikinsa. Gerrit ya miƙa masa fartanya.

"Duk Lahadi za ku hau jirgin ƙasa ku zo ku ci abinci a nan. In ka saɓa, da kaina zan zo in ɗauko 'yata."

"Na yi alkawari, Baba."

"Baba tun yanzu? Ka tambaye ta tukuna mana!"

Jorrit ya juyo, fartanya a hannu, kunnuwansa sun yi ja.

"Liesje... rabin raina... za ki aure ni?"

Ta share ido da bayan hannu.

"Zan aure ka. Amma cire ƙafarka, kana taka masa latas."