Kwana Arba'in a Ƙarƙashin Bagadi

Yabo ya tabbata ga Allah Maɗaukaki, wanda ya halicci mutum cikin kamanninsa, wanda babu abin da yake ɓuya gare shi. Ya Ubangiji, ka daidaita harshena.

Ranar Litinin da safe aka kira Sufeto Lefteris Kambanis zuwa cocin ƙauyen Ano Vrisi. Ya tarar da hoton Budurwa Maryamu a mazauninsa, tana riƙe da Yaro Yesu, hannunta na dama yana nuna shi, fitilar mai tana ci a gabansa.

"Aka ce an yi sata. To ga hoton nan," in ji Sufeto.

"Ba ita ba ce, ɗana," in ji Iya Marigo, tsohuwa makauniya da ta kai ƙarar. "Shekara sittin ina sumbatar hannun nan. Leɓunan kakanninmu sun yi masa kwarmi. Yau na sa bakina na ji shi sumul kamar faranti."

Sufeto ya shafa wurin. An zana alamar tsufa da gwaninta, amma katakon bai lotsa ba.

Mabuɗin cocin yana hannun mutum ɗaya, Baba Tanasis mai shara da kaɗa ƙararrawa. Tuni aka tsare shi a ofishin 'yan sanda, kuma jirgin ruwan gobe zai kai shi kotu. Sufeto ya je ya same shi a can.

"Ina kake ajiye mabuɗin, Baba?"

"A wuyana, yallaɓai. Ko wanka ba na cire shi."

"Har ranar da ka sha giyar uzo ka yi barci a gindin zaitun?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "To, wani lokaci ƙarƙashin tukunyar fure. Duk ƙauyen sun sani."

Sufeto ya koma coci, ya sa aka sauke hoton jabun, ya juya bayansa. Katakon sabo ne. A tsakiyarsa akwai alamar gicciye da aka shafa da mai, ƙamshin lubban kuma ya kama shi ƙwarai. Ya daɗe yana kallo. Ɓarawon da ya zo daga birni ba zai damu da tsarkake jabu ba.

Ya sami Fada Yerasimos, limamin cocin, a farfajiya.

"Fada, yaya sabon hoto yake zama abin yin addu'a a gabansa?"

"Kai ma an yi maka baftisma, Lefteris, ko aikin ɗan sanda ya wanke ta? Ana ajiye shi kwana arba'in a ƙarƙashin bagadi, wato teburin ibada, ya ji sujada, sannan a shafa masa mai. Ba katako muke girmamawa ba. Taga ce, girman yana wucewa zuwa ga wanda aka zana."

"Wa ya kawo maka hoto a bana?"

"Ba na son in ɗora wa kowa zargi."

"An riga an ɗora wa Tanasis."

"Anestis ne, mai jagorar waƙa. Ya ce hoton Waliyyi Nikolas ne, zai tafi da shi wurin 'yarsa a Ostireliya. A naɗe ya kawo shi. Da na zo shafa mai, bayansa kawai ya buɗe mini, wai fentin bai gama bushewa ba. Ranar Asabar ya karɓa."

Sufeto ya iske Anestis Vlahos yana ɗaure akwatuna. Mutum ne mai furfura, wanda ya yi ƙuruciyarsa a gidan sufaye yana koyon zane.

"Barka da zuwa, Sufeto. Kofi?"

"A'a. Na zo gaishe da Waliyyi Nikolas."

"Na riga na aika shi ta gidan waya."

"Ranar Lahadi? Gidan wayarmu da ko ranar aiki sai an yi sa'a?"

Sufeto ya dubi ɗakin. Duk akwatunan suna ƙasa, ɗaya kan ɗaya, sai guda da aka ɗora shi kaɗai kan tebur, bisa farin mayafi, ba a aza masa komai ba.

"Buɗe wancan."

Anestis ya buɗe. Ya yi alamar gicciye kafin ya yaye tawul ɗin. Ga zinariyar da hayaƙin kyandir ya dushe, ga kwarmin a hannun Budurwa.

"Kakata ce ta goyo ta a bayanta lokacin gudun hijira," in ji shi a hankali. "Ba sayarwa zan yi ba. Ina tsoron in mutu a ƙasar da babu ita."

"Me ya kai ka ga Fada? Da ka rataya jabun shiru, da ban zo gidanka ba."

Anestis ya dube shi da mamaki. "In bar mutane su durƙusa gaban katakon da ba a tsarkake ba? Ni ba arne ba ne, Lefteris."

"Amma ka bar Tanasis ya kwana a ɗaure."

Sai Anestis ya zauna a gefen gado, ya rufe fuska. "Na bar shi."

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya miƙa wa kofur ɗin da ya rako shi hoton ya riƙe da hannu biyu, suka gangara da Anestis zuwa ofis. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Tanasis ana sakinsa. Tsohon ya dubi maƙwabcinsa na shekara hamsin, sannan ya tambayi Sufeto ko ya makara ga ƙararrawar yamma.

Allah ya ba da hutawa ga waɗanda suka riga mu, waɗanda leɓunansu suka gajiyar da katako da addu'a. Kai kuma mai karatu, ya tsare ka daga ibadar da take manta maƙwabci. Amin.