Jar Rigar Desmond

Lamont, Verna, ku ajiye cokulan nan ku saurare ni. Verna, ke lokacin kina Detroit, ba ki san komai ba. Kai kuwa Lamont ka sani, don haka rufe baki.

Janelle, 'yar wanki Lamont ɗin nan, tun a sakandare suke son juna da Desmond, kuma dukansu likitanci suka sa a gaba. Suka yi alkawarin shiga ƙaramar kwalejin nan ta ƙetaren kogi, inda malami ke sanin ɗalibi har ya rubuta masa shaida mai ƙarfi zuwa makarantar likitoci. Janelle ta nema da wuri, irin neman nan da in an ɗauke ka shi ke nan, ka ɗaure kanka. Aka ɗauke ta, ta janye daga duk manyan jami'o'in da ta nema.

Ranar da 'yan ajin ƙarshe ke saka rigar kwalejin da suka zaɓa, ni na goge mata tata, koriya. Ta tsaya a ƙofar makaranta tana jiran sa. Sai ga Desmond cikin ja, da sunan wata jami'ar Boston a ƙirji!

"Des, rigar wa ka aro?" ta ce tana dariya.

"Tawa ce, Nelle."

"Taka? Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta dawo ta faɗa jikina. "Kaka, ya bari na ɗaure kaina, shi ya sulale!" Kai kuma Lamont kana tsaye a nan, har da cewa, "Ai na gaya miki yaron banza ne."

Yarinya ta share hawaye ta duƙufa. Har ta gama kwalejin ba biki, ba saurayi. Bana makarantar likitoci ta ɗauke ta.

Bayan an ɗauke ta, wata Lahadi bayan coci sai ga Desmond a ƙofata, duk ya rame.

"Me ka manta a gidan nan?" na ce.

"Mama Odessa, Mista Lamont ne ya tare ni a shagon aski tun kafin in nema. Ya ce in muka haɗu a aji ɗaya za a riƙa auna makinmu, ni zan danne ta, in kashe mata gaba. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba sai ta samu makarantar likitoci."

Janelle tana bayan ƙofa, ta ji komai.

Kar ka ce min "ai ta samu," Lamont! Haƙurinta ne ya kai ta, ba dabararka ba. Ta yafe wa Desmond, zoben baikonsa yana hannunta. Kai ne ba ta yafe wa ba, kai da ka kalli kukanta ka ƙara mata da zagin yaron. Uban da ya zaɓar wa 'yarsa hanya a ɓoye, ko hanyar ta ɓulle, 'yar ya rasa.

Ranar bikin da za a saka mata farar rigar likita, kujerar baƙi biyu aka ba ta. Ɗaya tawa ce, kuma ba na bayarwa. Ɗayar ta ce ta Desmond ce. Tana ɗakin sama yanzu, ta kulle ƙofa. Verna, ke take jin maganarki. Lamont, ƙafa gare ka. Ku hau ku kashe wannan magana kafin ƙanƙarar shayin sanyin nan ta narke.