Abokin Rawar Lorna

Kwanaki ke nan rigar Tessa tana rataye a bayan ƙofar kicin ɗina, na kasa sa mata allura. Aikin ba wani mai yawa ba ne, ƙasan kawai zan naɗe. Amma duk sanda na ɗauko ta sai in mayar da ita. Tessa 'yar yayata Doreen ce, ita kaɗai gare ta. Rigar kuma ta rawa ce, za ta sa ta a jirgin ruwa wata mai zuwa. Ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan a garinmu Grimsby ba a ce na taɓu ba, shi ya sa na kawo muku.

Bara abin ya fara. 'Yata Lorna ta haura talatin, kuma da ɗingishi aka haife ta, ƙafar hagu ba ta kai ta dama ba. Saurayinta ya fasa aure ana dab da biki, ta shiga ɗaki ta rufe. Ni Noreen, abincin 'yan makaranta nake dafawa, ban san komai game da irin wannan ciwo ba. Sai na ɗauki ɗan abin da mahaifinta ya bari na yankar mana tikitin babban jirgin nan da ke tashi daga Southampton zuwa New York, ko iskar teku za ta wanke mata zuciya.

Wanda bai taɓa yin tafiyar ba, ga abin da zai tarar. Da farko jiri da tashin zuciya, kana ta cin biskit ɗin citta. Daga nan tsuntsaye su daina bin ku, waya ta daina kamawa, ko ina ka juya ruwa ne mai launin toka. Kullum a mayar da agogo baya, har ka rasa yau wace rana. Da yamma a ci ado. Teburin cin abinci kuwa an riga an raba, da mutanen da aka haɗa ka za ka ci har a sauka.

Mu da Misis Ashdown aka haɗa mu. Tsohuwa ce mai farin gashi, wuya cike da lu'ulu'u, duk ma'aikata sun san ta don kowace shekara sai ta ƙetare.

“Sabbin shiga ne, daga gani,” ta ce. “Kun riƙe cokali kamar zai gudu. Zo nan kusa da ni, 'yar nan. Kina rawa?”

Lorna ta sunkuyar da kai. “Ba ki ga tafiyata ba ne.”

“Na gani. Ni ma kin ga fuskata, ai ban ɓuya a ɗaki ba. Gobe da la'asar akwai shayi da rawa, ni zan zaɓa miki kujera.”

Na ji daɗi har raina. Abu ɗaya na lura, ƙarƙashin kujerar tsohuwar kullum a jiƙe yake, idan ta tashi sai wani ma'aikaci ya zo da tsumma ya goge. Na ɗauka tsufa ne, fitsari ke ƙwace mata. Na kau da kai don kada ta ji kunya.

A zauren rawa akwai wasu maza da jirgin yake ɗauka musamman don su yi rawa da matan da suka zo su kaɗai. Dattawa ne masu ladabi, kowa da sunansa maƙale a ƙirji. Dokarsu, ba sa yin rawa biyu a jere da mace ɗaya. Misis Ashdown ta zaunar da Lorna can gefe, dab da ƙofar da ke fita barandar jirgi. Kwanakin farko ba wanda ya ɗauke ta. Sai su zo kusa, su dubi tsohuwar, su wuce.

Ranar da aka ce mun kai tsakiyar teku, wani mutum ya zo.

Dogo ne, baƙar kwat, gashinsa a kwance kamar yanzu ya fito daga wanka. Babu suna a ƙirjinsa. Ban ga shigowarsa ba, kawai ganinsa na yi tsaye a gaban Lorna ya miƙa hannu.

Lorna ta dube ni.

“Tashi mana,” na ce mata a hankali.

Ta tashi. Ku yarda da ni, tunda na haifi yarinyar nan ban taɓa ganin ta yi taku ba ɗingishi ba sai ranar. Tana juyawa kamar ba ta taɓa ƙasa. Aka gama kiɗan farko bai sake ta ba. Aka gama na biyu. Sauran mazan rawar duk suka juya musu baya, mai zuba shayi ya zuba har ya malala a faranti.

“Kin gani ko?” in ji Misis Ashdown, tana shafa man shanu a burodi. “Kowace mace da nata a teku.”

Da ta dawo kujera, hannunta sanyi ƙalau, bayan rigarta da shatin tafin hannu a jiƙe. Amma tana dariya. Na yi wata da watanni ban ji dariyarta ba, sai na haɗiye tambayata.

Washegari da magariba, kafin a kira cin abinci, ta ce za ta ɗan sha iska. Na ga ta fita ba mayafi, sai na koma ɗaki na ɗauko mata na ulun nan da na saƙa, na bi ta.

Ina tura ƙofar baranda hazo ya rufe ni. Fitilun jirgi sun zama kamar tabon mai a takarda. Katakon ƙasa da santsi. Babu kowa, kujerun shan iska duk an naɗe an ɗaure. Can sama ƙahon jirgi ya yi kuka mai tsawo, na ji shi har cikin haƙorana.

“Lorna,” na kira.

Shiru, sai ruwa yana dukan cikin jirgi.

Na nufi baya ina dafa bango. Wani wari ya tare ni. A bakin ruwa na girma, na san ƙarnin kifi, na san na gishiri. Wannan daban ne. Irin warin abin da ya daɗe a ƙasan ruwa aka jawo shi da taru.

Sai na ji kiɗa. Ba daga cikin zaure ba. Daga ƙasa yake tasowa, a shaƙe, kamar makaɗan suna cikin rijiya.

Sai taku. Ƙwas, ƙwas, takalmin Lorna. Tare da shi wani, caɓ, caɓ, kamar an jefa jiƙaƙƙen tsumma.

Na ƙara sauri.

Suna can ƙarshen jirgi, inda farin kumfa ke tafasa a ƙasa. Suna juyawa a hankali. Idanunta a rufe, kanta a kafaɗarsa. Kowane juyi yana kai su kusa da shingen ƙarfe.

Na saki bango na nufe su.

Suka ƙara juyi ɗaya. Yanzu shingen yana tsakaninsu. Ita tana ciki. Shi yana waje, inda babu katako, babu komai. A tsaye yake cak.

Lorna ta ɗaga ƙafar hagu ta ɗora a ƙarfe.

Ban san yadda na isa ba. Na jefa mayafin ya zagaye ƙugunta, na naɗe bakinsa a hannuna, na zube ƙasa da duk nauyina.

Ya ja. Na ja.

Ulun ya fara tsinkewa, zare bayan zare.

Sai ya sunkuyo ya dube ni. Fatar fuskarsa fari fat, ta yi laushi, ta yamutse kamar yatsun da suka daɗe a ruwan wanke-wanke. A inda idanu suke, ruwa ne baƙi yana motsi. Ya buɗe baki, ruwa ya zubo ta haɓarsa.

“Kiɗan bai ƙare ba,” ya raɗa.

Na kama gashin 'yata na fizge.

Muka faɗi tare a kan katako. Da na ɗago, hazo ne kawai.

Lorna tana tari tana amayar da ruwan gishiri, ita da ko taɓa teku ba ta yi ba. Ina bubbuga mata baya na ji ƙarar sanda a bayanmu. Misis Ashdown ce. Ashe tana tsaye a jikin bango tun ɗazu. Na ɗauka taimako ta kawo.

Ta zauna a kan akwatin rigunan ceto, ta cire takalmi, ta shafa tafin ƙafarta. Ta daɗe tana shafawa.

“Ta bushe,” ta ce a hankali. “Noreen, kin ga, ta bushe.”

“Ki kira likita,” na ce.

“Likitan me? Ai kin cece ta. Ni ma haka mijina ya riƙe ni, ina amarya, a daidai nan. Wadda mutumin nan ya tafi da ita, ta biya bashin shekara guda. Wadda aka ƙwace masa kuwa, ita ce za ta riƙa kawo masa. Na kawo da yawa, 'yar uwa. Duk iyayensu ba su da saurin hannu. Ke ce ta farko, yanzu taki ta gaje ni.”

“Ke kika zaunar da ita a kujerar nan.”

“Ke kika ce ta tashi.” Ta mayar da takalminta. “Kada ta yi fashin shekara. Na taɓa gwadawa. Daga ƙafa ruwan yake farawa, ya yi ta hawa. A kan gadona, a tsakiyar gari, na kusa nutsewa.”

Ta miƙe, ta gyara lu'ulu'unta.

“Yau naman rago ne. Kada ku makara.”

Kakata matar masunci ce, da tana raye da ta ce aljanin ruwa ne, ta hana mu ko ambatonsa. Ni ban san sunan da zan ba shi ba. Na gaya wa wani babban ma'aikaci, ya saurare ni yana kallon bango, ya ce hazo yana sa mutum ganin abubuwa, ya aiko mana da shayi. Da muka sauka, jirgin sama muka hau muka dawo.

Lorna ba ta ƙara ɗingishi ba. Maƙwabta suna ta taya ni murna, wai tafiya ta karɓe ta. Ba su ga kafet ɗin ɗakinta da na cire na jefar ba. Ba su ga safar da nake matsewa kowace safiya ba. Lokacin Kirsimeti laimar tana idon sawu. Da sanyi ya wuce ta kai gwiwa. Yanzu idan ta yi numfashi ina jin ruwa yana ƙugi a ƙirjinta. An kai ta asibiti, an ɗauki hoto, sun ce huhunta lafiya lau.

Kwanan baya Doreen ta kira mu cin abincin Lahadi. Tessa tana can ƙarshen tebur kamar kullum. Shekararta sha tara, kunya kamar me, idan baƙo ya yi mata magana har kunnenta ja yake yi. A ɗakin Lorna na raine ta, don Doreen aikin dare take yi a lokacin. Ana raba dankali Lorna ta ajiye cokali ta yi wa Tessa murmushi.

“Zo nan kusa da ni, 'yar nan. Kina rawa?”

Ni ma na ajiye nawa cokalin.

“Yaya Lorna, ni da ko tafiya sai na yi tuntuɓe,” in ji Tessa.

“Na yankar mana tikiti, ni da ke. Akwai shayi da rawa. Ni zan zaɓa miki kujera.”

Doreen ta fashe da kuka don murna, ta tashi ta rungumi Lorna. “Ki ga yadda teku ta gyara taki, Noreen. Ko tawa ma ta dawo da baki.”

A mota na ce wa Lorna ta tsaya gefen titi. Na ce ni zan je, ta zaunar da ni a kujerar, ai na ci shekaruna.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta goge bakinta da hannun riga.

“Ba ya karɓar wadda ta sani, Mama. Sai wadda ta miƙa hannu da murna.”

“Ƙanwarki ce. A gado ɗaya kuka kwana.”

“To ki gaya wa Anti Doreen. Ga waya.” Ta ɗora mini ita a cinya. “Sai dai ki zauna kusa da ni ranar da ruwan zai kai maƙogwaro. Da kin sake ni a ranar, da tuni an gama. Ke kika riƙe.”

Ban kira ba. Ta tada mota.

Na yi tunanin in bi su in sake riƙewa. To idan na riƙe Tessa, ita ce za ta gaji Lorna, ta tsufa tana farautar 'ya'yan mutane. Idan hannuna ya makara kuma, da wane ido zan dubi Doreen? Idan na faɗa mata gaskiya ta hana tafiyar, 'yata za ta nutse a ɗakin da ke saman kaina, ina ji.

Ɗazu Tessa ta leƙo, ta ga rigar a inda ta bar ta. Koriya ce, ta gwanjo, da kuɗin aikinta ta saya.

“Anti Noreen, ba ki fara ba? Ki ɗage ta sosai fa, kada in taka in faɗi a gaban mutane.”

Na ce mata gobe.

Yanzu haka ina jin Lorna a sama tana zagaya ɗaki, tana ƙirga taku a hankali, silin yana ɗiga a kan teburina. Rigar tana cinyata, na riga na zura zare a allura. Ku da kuka haifa, ku gaya mini don Allah: in naɗe ƙasan rigar nan, ko in ɗauki waya in kira Doreen?