Allurar da Inna ta Saya

Ɗaki ɗaya ne da falo a wancan lokacin. Keken ɗinkinta a bakin taga, takalman aikinsa a bayan ƙofa. Har yau Dogo mai walda yana tuna gidan nan. Matarsa tela ce. Yana ce mata Mai Keke, tana ce masa Ogan Ƙarfe. In ya dawo da ido jawur, ita ke ɗiga masa magani tana tsokana: "Ƙarfe kake narkarwa, amma ɗigon ruwa ya sa ka ihu!"

Shekara uku da aure, ba faɗa, ba haihuwa.

Wata safiya Inna, mahaifiyarsa, ta shigo ko zama ba ta yi ba.

"Ni dai na yi nawa. Tun wata shida da aurenku nake saya maka allurar mazantaka wurin mai kemis. Dubi ƙirjinka kamar ƙofar gareji! Lafiyarka ƙalau. Matsalar tana can —" ta nuna labule da baki. "Ka sallame ta kafin watan nan ya mutu."

Keken ya tsaya cak. Bayan fitar Inna, Mai Keke ta fito da hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ba zan shiga tsakaninka da mahaifiyarka ba. Amma ni sau uku ana gwada ni, kai ko sau ɗaya. Kafin ka rubuta takardar sakin, mu je asibiti tare."

Maganar ta yi masa nauyi, amma ya je. Inna ma ta bi su, wai don ta ji da kunnenta. Likita ya ce a ɗibi jinin da safe, don lokacin ne testosteron, sinadarin mazantaka, ya fi yawa a jiki. Aka kuma gwada maniyyinsa. Ranar da rizolt ya fito, likita ya daɗe yana kallon takardar.

"Wa ke yi maka allura?"

"Ni ke saya!" in ji Inna, har da gyara zama.

Likita ya juya wurin Dogo. "Oga, in kullum ana kawo maka ƙofa a ƙere, za ka kunna injinka?"

"Me zan yi da shi?"

"To haka jikinka ya yi. Ya ga ana zuba masa sinadarin daga waje, sai ya daina yin nasa, ƙwayoyin haihuwa ma suka ja baya. Rashin barci, ƙiba da shekaru duk suna rage testosteron, amma ba a ƙara shi da ka. Matarka ba ta da laifin komai."



Aka bar allura. Watannin da suka biyo baya ba daɗi. Ƙirjin ya saki, kasala ta kama shi, ga saurin fushi. Abokan aiki suna ce masa, "Ogan Ƙarfe ya zama kwali!" Mai Keke ba ta taɓa yi masa gori ba. Sai dai ta kora shi ya kwanta da wuri, ta raka shi wurin likita duk ƙarshen wata.

A wata na goma sha huɗu ta samu ciki. Ranar da ta haihu, Inna ta karɓi jaririyar, ta zauna a bakin gado tana kuka.

"'Yata, ki yafe mini. Da hannuna na toshe hanya, na ɗora miki laifi."

"Haba Inna! Jika kika so gani, ga ta nan."

Yanzu Inna ta rasu, an rushe gidan, jaririyar nan har ta yi nata 'ya'yan. Dogo ya tsufa, kuma in samari suka tambaye shi maganin ƙarfi, amsarsa ba ta da tsawo: a je a yi gwaji kafin a sha komai, a kuma bincika kafin a zargi kowa. Ƙauna ma, in ta yi gaggawa, ɓarna take yi.