Yarinyar da Ta Ce "Ba Komai"

A can wani zamani, bayan manyan duwatsu, akwai wata jami'a da dubbai ke nema, kaɗan ke samu. Wata yarinya ta ci jarrabawar shiga, aka kira ta ganawa da malamai. Gidansu ya kaure da guɗa!

Ita kuwa tun tana ƙarama an hore ta kada ta yabi kanta a gaban manya.

Shugabar malaman, wata dattijuwa, ta ce, "'Yata, me kika iya?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba komai, Malama."

"Me kika taɓa yi?"

"Ba komai, Malama."

Dattijuwar ta juya ta dubi ƙofa, inda wasu ke jiran a kira su. Yarinyar ta ga za a sallame ta. Da ƙyar ta ce, "Sai dai kajin kakata, Malama."

"Me ya same su?"

"Duk damina mutuwa suke yi! Sai na raba su gida biyu, waɗannan ruwan kududdufi, waɗancan ruwan da na tafasa." Ta miƙe zumbur, muryarta na tashi. "Masu shan tafasasshe suka rayu! Amma a cikinsu ma kaɗan sun mutu. Har yau ban san dalili ba, kuma sai na gano!"

Sai ta ankara tana tsaye gaban manya, mayafinta a ƙasa. Ta rufe baki da hannu.

Dattijuwar ta ƙyalƙyale da dariya. "Ɗauki mayafinki, 'yata. A nan za ki gano."