Ranar da Mai Shela Ya Kira Baba Tamba

A bakin kasuwar Argungu Zakiyya ta fara ganin Munzali. Yana sauke albasa yana kallonta, har buhu ya kusa danne masa ƙafa.

Daga Birnin Kebbi take zuwa, tana neman masu shanyewar ɓarin jiki don wani bincike kan motsa jiki. Ta yi cigiya a Fesbuk har ta gaji, amma ina! Tsofaffin da take nema ba ruwansu da babbar waya.

Soyayya ta yi nisa, har Munzali ya gaya mata sirrin gidansu. Irin ciwon da take bincike a kai ne ya karkatar wa mahaifinsa, Baba Tamba masunci, baki. Kunya ta sa ya shige ɗaka, aka ce wa mutane ya yi tafiya.

Sai Zakiyya ta ɗauki mai shela don cigiyar masu ciwon. Wajen yi masa bayani bakinta ya suɓuce, ta ambaci tsohon. Kai, mai shela da son kirari! Washegari ga shi yana zaga gari: "Masu ciwon ɓarin jiki, ku fito! Har da kai, Tamba na bakin gulbi!"

Saƙon Munzali ya shigo: "Zakiyyata, mi kinka yi? Baba ya ce wadda ta tona shi ba ta shiga gidanai."

Ta yi kuka sosai, sannan ta rubuta: "Laifina ne, abin ƙaunata. Gobe zan zo in durƙusa, ko da zai kore ni."

Da ta iso, sai ta tarar da zaure cike maƙil. Tsofaffin masunta ne suka zo dubiya da kifinsu, suna yi masa faɗan ɓuya. Ɗaya ma jan ƙafa yake, ciwonsu ɗaya. Baba Tamba kuwa dariya yake da karkataccen bakinsa.

"Baba, ka yafe mini," in ji ta.

A hankali ya ce, "Ɗiyata, kin kunyata ni, amma kin maido man mutanena. Tashi ki yi man bayanin binciken naku. In ya yi man, in shiga."

Ta tashi ta fara yi masa bayani.

Ranar ɗaurin aure tana ɗaki cikin ƙawaye wayarta ta yi ƙara: "Amaryata, Baba ya hana kowa wakilci. Da bakinai ya ce, 'Na karɓa ma Munzali.' Kowa ya ji."

Allah ya bar su tare, ya ƙara wa tsoho lafiya.