Fulogi Na Shida

Tun kafin fulogin motar ya bar tafin hannun Baba, Auta ta ga aibinsa.

Zaren ƙarfen da ke jikinsa a tauye yake. Can wajen baki layi biyu sun kwanta kamar an taka su, irin lahanin da sai idon da ya girma a gareji ke gani. Wannan fulogin ba zai shiga kowane inji da daɗin rai ba.

Ta buɗe baki...

"Auta." Baba ko kallonta bai yi ba. "Me muka yi da ke?"

"Ba zan yi magana ba, Baba."

"Ko tari kika yi, zancen auren ya mutu."

Ta haɗiye abin da ke bakinta. Likita kuwa, bawan Allah, hannu biyu ya sa ya karɓi fulogin har da rusunawa, bai san abin da aka damƙa masa ba.

Wata takwas ke nan da ya fara shigowa garejin da jar motarsa, 'yar gajeruwa mai ƙofa biyu, irin ta tsere, wadda mahaifinsa ya rasu ya bar masa. Injinta a cushe yake, ko tocila sai ta yi dabara take leƙawa. Duk makanikan garejin sun gwada sun fito da yatsu a ƙuje, sai Auta, 'yar mai garejin, da siririn hannunta ta canja fulogan shida kafin shayin Likita ya huce. Daga ranar motar nan ta kamu da ciwon da ba ya warkewa. Yau ƙara, gobe jijjiga, jibi wani wari da hancinsa kaɗai ke ji.

"Likita, lafiyar motar nan ƙalau," ta ce masa a zuwa na biyar.

"To mai motar fa, Injiniyata? An duba shi?"

"Mu nan ba ma gyaran mutane."

"Ai kuwa kin riga kin kwance ni, sai ki ɗaure abinki."

Ta yi dariya har sifana ta suɓuce mata. Likitan haƙori ne, mai sanyin murya, kuma shi ne namiji na farko da ya kalli baƙin man da ke ƙarƙashin faratanta bai kawar da kai ba. Mahaifiyarsa ta kawar, da farko. Wata uku ya yi yana lallaɓa ta, bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba, har ranar da ta aiko wa Auta man shafawa na hannu da saƙon a gaishe ta.

Baba ne ya ƙi lanƙwasuwa.

"Mai motar gudu, komai nasa gudu ne," in ji shi. "Na ba da 'ya ɗaya ga mai gaggawa, na ga yadda aka dawo mini da ita."

Yayar Auta yake nufi, wadda ta shekara biyu a gidan mijin da komai sai da tsawa, ta dawo ko ƙarar rufe ƙofa ta ji sai ta zabura. Tun daga nan Baba ya daina yarda da murmushin samari. Sai jiya, bayan Auta ta yi kwana uku tana aiki ba ta raira waƙar da ta saba ba, ya ce Likita ya kawo motar ta kwana, injin ya huce.

Da safen nan ya sa Auta ta canja fulogai biyar. Na shida, wanda ke can ƙurya, bayan bututai, inda ido ba ya kaiwa sai lalube, ta cire tsohon ta bar ramin a buɗe.

"Ga fulogi, ga motarka," Baba ya ce wa Likita. "Aikin hannunka nake son gani. Abin da na gani shi zai ba ka amsa."

Auta ta jingina da teburin kayan aiki. Kan injin nan ƙarfe ne mai laushi. In aka tura fulogi mai tauyayyen zare da ƙarfi, zai cinye ramin, sai an sauke inji, kuma kayan irin wannan motar sun daɗe da ƙarewa a kasuwa. In ya murɗa, ya kashe abin da mahaifinsa ya bar masa. In ya kasa ɗaurawa, ya faɗi a gaban kowa. Ta ko'ina Baba ya rufe ƙofar, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai, domin ba ta taɓa sanin mahaifinta da mugunta ba.

Likita ya naɗe hannun farar rigarsa. Ya duba teburin, ya tsallake sifanu da soket, ƙarfen da ake ɗaure fulogi da shi, ya ɗauki guntun tiyon roba da Auta ke amfani da shi, ya cusa kan fulogin a ciki kamar yadda ya sha ganin tana yi.

Ashe ba fuskarta kaɗai yake kallo ba duk watannin nan.

Ya kwanta a kan motar, kuncinsa a jikin ƙarfe, ya zura hannu har gwiwa.

"Bakin mutane ya fi nan fili," ya ce, yana nishi.

Ba wanda ya yi dariya sai Guduma, babban makanikin Baba, wanda sunansa ya bi aikinsa. Shekara da shekaru yana lissafin Auta da garejin a matsayin kaya ɗaya da za su faɗo masa, har jar motar nan ta zo ta ɓata lissafin.

Yatsun Likita suka juya tiyon. Zagaye ɗaya... rabi... ya cije.

Ya warware a hankali, ya sake daidaitawa. Ya cije a wuri ɗaya.

Na uku ma haka. Gumi ya jiƙa masa baya, gefen bututu ya yanke shi a wuyan hannu, jini ya biyo ya ɓata rigar. Auta ta damƙe bakin teburin har faratanta suka yi fari.

Guduma ya matso, ya ajiye soket mai dogon hannu daidai inda Likita zai gani.

"Sabon fulogi haka yake, Likita," ya ce da muryar mai taimako. "Kunya yake ji. Ka ɗora masa wannan ka ja sau ɗaya, ya wuce. Ko aikin ma sai mace ta yi maka?"

Baba bai hana shi ba. Yana zaune a kan tsohuwar taya, ya harɗe hannuwa.

Likita ya ɗauki soket ɗin.

Kalma ɗaya ce a bakin Auta, kada, ƙaramar kalma, amma in ta fito ta rasa shi. Ya ɗago ya dube ta, ta sunkuyar da kai don kada idonta ya yi maganar da aka hana bakinta. Hawaye ya ɗiga a kan takalmin aikinta.

Sai ta ji ƙarar ƙarfe a kan tebur.

Ya ajiye.

Ya zaro fulogin, ya goge shi da gefen rigarsa, ya je gaban Baba ya durƙusa.

"Baba, na kasa."

"Ka kasa?"

"Sau uku ina gwadawa, wuri ɗaya yake tsayawa. Ban san dalili ba, ba sana'ata ba ce. Amma abin da ya ƙi shiga da yatsa, akwai abin da ke damunsa, in na sa ƙarfi ɓarna zan yi." Ya ɗago kai. "Ina son Auta, Baba, Allah ya sani. In wannan ne ya raba ni da ita, zan tafi. Sai dai ku ba ni izini in dawo in koya, ko shekara nawa ne."

Guduma ya yi tsaki mai haɗe da murmushi.

Baba ya karɓi fulogin ya juya shi a hasken ƙofa, ya daɗe yana kallo.

"Ni na daki zaren nan jiya da hannuna," ya ce.

Auta ta ɗago ta dube shi.

"Shekara arba'in ina wannan aiki. Ban taɓa sanin mutum a wurin abin da ya tafi masa daidai ba, sai a wurin da abu ya cije masa. Mijin yayarta na taɓa ba shi murfin gwangwani ya buɗe, ya ƙi, ya buga shi da ƙasa. Na gani da idona, na yi shiru, na ce ƙuruciya ce." Ya numfasa. "Wannan shirun har gobe yana cina."

Ya juya ga Guduma.

"Kai kuma, shekara tara kana gabana, shawararka ke nan? Je ka duba motar da ke waje."

Guduma ya fita yana jan ƙafa.

Baba ya laluba aljihunsa ya fito da wani fulogin, sabo a kwalinsa, ya miƙa wa Auta.

"Share fuskarki. Kin zaci ubanki mugu ne ko?"

"Baba, ku yafe ni..."

"Ungo. Je ki nuna wa mijinki yadda ake yi."

Likita ya ɗago da sauri. "Baba, me kuka ce?"

"Kunnen ma sai an canja maka? Ka faɗa wa manyanka ina jiransu."

Wurin ba ya ɗaukar hannu biyu, don haka nasa ne ya shiga, ita ta tsaya a gefensa tana riƙe da tocilar da ba ta haska komai.

"Koma baya kaɗan tukuna," ta ce ƙasa-ƙasa. "Za ka ji ya zauna."

"Na ji."

"To yanzu juya. A hankali."

Zagaye ɗaya, biyu, biyar... fulogin ya bi hanyarsa sumul, ba gardama.

"Injiniyata," ya raɗa mata, kuncinsa duk baƙin mai, "da na ɗora soket ɗin nan fa?"

"Da na yi kuka shekara guda, sannan in sauke injin in gyara maka."

"Sannan ki aure ni?"

"Sannan in kore ka."

Da aka tayar da motar, bugu ɗaya ta ɗauka, shidan suna tafiya tare. Auta ta waiwaya don ta ga fuskar Baba, sai ta tarar ya juya musu baya, wai yana neman wani abu a kan tebur. Ya ɗauki tsumman aiki ya goge idanunsa, tsumman ya bar masa baƙin layi daga ido har kunne.

Haka ya wuni da shi a fuska, yana ba da umarni. Duk garejin ba wanda ya faɗa masa.